Wanda Ke Bayan Matan Bulabulin

A shekarar da wannan abu ya faru, ga abin da nake da shi: rumfa ɗaya a babbar kasuwa, wani ɗan ɗaki a Mafoni inda ake wanke huluna a ɗora su kan gungume su bushe, da gidaje ashirin da uku da ke yi mini ɗinki. Goma sha huɗu a Bulabulin suke, sauran a Mafoni da Umarari. Sai alkawarin da na ɗaukar wa wani attajirin Kano cewa zan cika masa buhunansa kafin Babbar Sallah. Rumfar haya ce, ɗakin ma haya ne. Gidajen nan su ne dukiyata ta gaske. Dillalin hula ba shi da inji, yatsun mutane ne injinsa, kuma ranar da yatsun suka juya masa baya sai ya nemi wata sana'ar.

Ban gaji wannan aiki ba. Mahaifina manomin gero ne, ko allura bai bar mini ba. Da tallan zare na fara, ina yawo layi-layi, har na san ƙofar da ake ɗinki mai kyau da ƙofar da ake ɓata yadi. Gida-gida na tara su, wani da haƙuri, wani da zuwa jana'iza, wani da zuwa suna.

Ga yadda sana'ar take. In sayi yadi a yanka, mai zane ya zana fure a kai, in haɗa da zare kala-kala. In je ƙofar gida in yi sallama, maigida ya fito mu gaisa, in miƙa masa. Bayan wasu makonni ya fito mini da hula ɗinkakkiya, in juya ta ciki da waje, in biya shi. Shi nake ba aiki, shi nake biya. Wadda ta riƙe allurar ban taɓa ganin fuskarta ba, kuma ba hurumina ba ne in tambaya. Na dai san ba matar gida kaɗai ke yi ba. Hannun yarinya ba ya ɓuya a ɗinki, sukarta ƙanana ce, kuma idan ta gaji layin yakan karkace wajen ƙarshe. Duk kasuwa an san haka. Tun da mutane suka baro ƙauyukansu suka cika gari, gidaje da yawa da allurar nan kaɗai ake ɗora tukunya.

Wata rana da hantsi mata biyu suka tsaya a bakin rumfata. Ɗaya na santa: Hajja mai turaren wuta, tsohuwa ce da mijinta ya daɗe da rasuwa, ita ce uwar adashin layinsu a Bulabulin. Ɗayar maƙwabciyarta ce, Kirista 'yar kudancin Borno, wadda ta yi ritaya daga koyarwa a firamare. Malama kowa ke ce mata.

"Wushe, Alhaji," in ji Hajja.

"Wushe, Ya Hajja. Hular ango aka zo saya?"

"Wanda zai aure ni yanzu sanda yake bukata, ba hula ba. Ba mu wuri mu zauna."

Na jawo musu benci. Malama ce ta yi bayanin, a tsare, kamar tana gaban allo. Matan adashin sun yanke shawara biyu. Ta farko, kuɗin ɗinki ya riƙa shiga hannun wadda ta ɗinka. Ta biyu, kada yarinya ta taɓa allura a lokacin makaranta, sai ta dawo ta ci abinci ta huta. Sun zo wurina ne don ni ke da mafi yawan gidaje a unguwar.

Na bari ta gama, sannan na ce, "Wa ya aiko ku?"

Ba rashin kunya ba ce. Mu a garin nan mun ga abubuwa. Mun ga fararen motoci, mun ga masu riga mai tambari suna tara mata a ƙarƙashin rumfa, a ba su lemo da biskit, a ba su kwali su ɗaga, a ɗauki hoto, a tafi. Ban ce duka haka suke ba, akwai waɗanda suka ciyar da mutane lokacin da babu. Amma na koyi cewa duk wanda ya zo maka da maganar haƙƙin mata da yara, ka leƙa bayansa ka ga wa ke riƙe da kyamara.

"Keke muka hau," in ji Hajja, "kuma ni na biya, don Malama ta ce ba ta da canji."

"Fansho bai shigo ba," in ji Malama. Ta ƙara da cewa ba su suka fara ba, 'yarta ta nuna mata a waya yadda mata masu saƙa da masu aikin gona a wasu ƙasashe suke haɗa kai a unguwanninsu su yi irin wannan.

"To, wayar ce ta aiko ku ke nan."

Hajja ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Ɗana, akwai yarinya a layinmu da ba ta zauna jarrabawar shiga sakandare ba, don ranar ce ubanta ya yi maka alkawarin hula. Ta ƙarasa hular. Kai ka karɓa, har ka yaba. Ita ta aiko mu, ko da yake ba ta sani ba."

Na ce zan yi tunani. Abin da ɗan kasuwa ke faɗa ke nan idan yana son mutum ya tashi masa daga benci.

Tunanin da na yi kuwa ba na yarinyar ba ne. Akwai wani matashin dillali da ya buɗe rumfa kusa da tawa, ya daɗe yana kewaya gidajena kamar shirwa. Na ce a raina, wannan aikinsa ne. A tura mini tsofaffi, in yarda, mazan gidajen su yi fushi su rufe mini ƙofa, shi kuma ya bi baya ya kwashe. In ƙi, matan su ja hannu, Sallah ta zo buhunan Kano ba su cika ba. Duk inda na juya shi ke da riba. Na yi bincike na gano mahaifiyarsa a wurin Hajja take sayen turare. Na ɗauka na kama bakin zaren, sai na tuna matata ma a can take saye, haka rabin garin.

Sai na tura matata. Na ce ta je taronsu kamar mai neman shiga adashi, ta duba mini ko akwai baƙuwar fuska, ko ana rubuta sunaye, ko ana raba wani abu. Ta dawo bayan la'asar tana ƙamshin turaren Hajja.

"Me kika gani?"

"Mata a kan tabarma a gindin darbejiya. Ruwan randa aka ba mu, ko lemo babu."

"Ba wanda ya ɗauki hoto?"

"Wa zai ɗauka? Wayar Malama ma fuskarta a fashe take. Maganar wata yarinya suka yi da takalminta ya tsinke, kowa ta jefa abin da ta samu a faifai."

"Ke kin jefa?"

"To in zauna kamar gunki? Ai sai su gane aiko ni aka yi." Ta cire mayafi, ta dube ni. "Alhaji, wai da gaske ba ka taɓa ba mace kuɗin ɗinkinta a hannu ba?"

Tun daga ranar na fara zargin har 'yar leƙen asirin tawa.

Da na rasa wanda ke bayansu, sai na koma ga abin da na iya. A kasuwa idan ba ka gane mutum ba, ka yi masa tayi. Wanda ya karɓa ka san nauyinsa, wanda ya ƙi ka san akwai wanda ya riga ka biya. Na je gidan Hajja da kaina, muka zauna a zaure, hayaƙin turare yana shigowa daga tsakar gida. Na ce mata na ga tana da ƙima a unguwa, ina son ta zama wakiliyata. Kowace hula da aka ɗinka mini, tana da la'ada a kai. Ban ce ta bar waccan magana ba. Ba a faɗin irin wannan, ana barin kuɗi ne su faɗa.

"Kowace hula?" ta tambaya.

"Kowace."

"Har ta Umarari?"

"Har ita."

Ta ɗan ja carbi. Sannan ta miƙo hannu. Na ba ta na hulunan da aka riga aka kawo a watan, ta ɗaure a bakin zane, ta ce, "Na karɓa. Allah ya ƙara arziki."

Na koma gida zuciyata wasai. Ashe dai dillaliya ce kamar ni, sai dai ta ɗauko doguwar hanya.

A ƙarshen makon aka yi suna a Bulabulin, gidan wani mai sayar da itace. Irin sunan da duk matan unguwa ke cika tsakar gida, maza kuma suna waje a kan tabarmi, katanga kaɗai ke tsakani. Ni ban je ba, ina rumfa. Matata ta je. Ita ta ba ni labari, tana yi tana riƙe ciki don dariya. Ana tsakiyar rabon abinci Hajja ta miƙe, ta kwance bakin zanenta, ta ɗaga kuɗin sama. Ta ce, da muryar da ta tabbata ta haye katanga, Alhaji mai hula ya zo har gidanta da ƙafarsa, ya ɗauki alkawarin cewa a kan kowace hula zai ba da wani abu, har ta Umarari, kuma ita ta sa shi a faifan yara don kayan makaranta da takalma. Ta ce a yi masa addu'a. Aka rangaɗa guɗa. Malama ma ta ce amin da ƙarfi.

"Kin tsaya kina kallo?" na ce.

"Ni aka fi yi wa barka. Har cinyar kaza aka ƙara mini."

Washegari na shiga Bulabulin karɓar aiki. Mutanen da ke tasowa su tare ni tun daga bakin layi, ranar daga zaune suka amsa sallama. A wurin mai shayi wani ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Muna ta tambaya wa ya zuga matan nan. Ashe mai dokar barci ne." Wani ya ce, "Yana so ya san matanmu ne, ya gaji da ganin gemu." Aka yi dariyar da ba ta da daɗi. Na yi makonni ina neman wanda ke bayan matan Bulabulin, unguwa ta samo shi kafin ni.

Akwai wani dattijo cikin masu karɓar aikina, manomi ne da ya baro ƙauyensu da matarsa da 'ya'ya mata, ba su fito da komai ba sai tufafin jikinsu. Gidansa ke ba ni hula mafi tsabta. Da na yi sallama ya fito da aikin da na ba shi, yadi da zare, ko suka ɗaya ba a yi ba. Ya miƙo mini da hannu biyu.

"Baba, me ya faru?"

"Alhaji, ban taɓa cin kuɗin nan a wurin mai shayi ba. Gero nake saye da shi, da magani."

"Na sani."

"Gonata ta tafi, shanuna sun tafi. Abin da ya rage mini da 'ya'yana ke ganina da shi a matsayin uba, shi ne in fito ƙofar nan in karɓo in shigar musu. Shi ma kana so ka ɗauke?"

Ba ƙarya ya yi ba. Na tambaye shi yaran fa, suna zuwa makaranta? Ya ce idan ciki ya cika za su je. Ya koma ciki ya saki labulen buhu.

Bayan kwana kaɗan Bulama, mai unguwar, ya aiko a kira ni, mazan unguwa sun kai ƙara. A hanya na auna abin. Ina iya tsayawa in faɗi gaskiyar niyyata, cewa kuɗin toshiyar baki ne, tsohuwa ta juya mini shi. Mazan za su yi dariya su yafe. Amma kafin magariba kowace mace a Bulabulin za ta ji cewa na nemi sayen uwar adashinsu, kuma kasuwa za ta ji cewa mai turare ta sayar da ni ina tsaye. Ƙofa ta maza ce, wannan gaskiya ne. Amma ban taɓa ganin ƙofa ta ɗinka hula ba.

Bulama ya ce, "Alhaji, kai ka ba da kuɗin nan?"

"Ni na bayar, ranka ya daɗe."

"Wani ya sa ka?"

"Ba wanda ya sa ni."

Duka biyun gaskiya ne. Aka yi ta hayaniya. Bulama mutum ne mai son a tashi ba a fasa tukunya ba, sai ya raba abin gida biyu. Aiki a ƙofa za a ci gaba da miƙa shi, ga maigida, da izininsa. Biya kuwa matata za ta shiga ciki ta ba mai ɗinkin, ni ina waje, don kada wani ya ce na ga fuskar da ba tawa ba. Maganar yara kuma, ya ce shi bai ga uban da zai miƙe a gabansa ya ce ba ya son 'yarsa ta je makaranta ba, in akwai ya miƙe. Ba wanda ya miƙe. Wasu dai sun tashi sun tafi kafin a shafa fatiha, kuma na san inda za su.

Daga nan na biya gidan Hajja. Na same ta tana juya turare a kasko.

"Ya Hajja, tsakaninki da Allah, da gangan kika yi?"

"Me na yi? Ka ce la'ada. La'ada halal ce, ba a ɓoye ta. Ko ka ce in yi shiru ne ban ji ba? Kunnen nan ya tsufa."

"Kin san abin da nake nufi."

"Na san abin da ka faɗa. Kai ne tun ranar farko kake ta tambaya wa ke bayanmu, wa ke bayanmu. Muka ga abin ya dame ka, wurin kuma babu kowa, sai muka ba ka." Ta ɗebo turare a takarda ta naɗe. "Kai wa 'yata, matarka. Wannan ban da kuɗi."

Har yau ban yanke hukunci a kanta ba. Wani lokaci ina ganin dabarar ta zo mata ne a zauren nan tana jan carbi. Wani lokaci kuma ina ganin tun ranar da suka zauna a bencina sun san zan zo da tayi, don sun san 'yan kasuwa, jira kawai suke. Na taɓa tambayar matata ko ta faɗa musu wani abu game da halina a taron nan. Ta ce in ci abincina kafin ya huce.

Aiki ya ragu, wannan ba a musu. Hular da ake gamawa da hannu uku ta koma hannu ɗaya da safe, sai da yamma yara su taimaka. Malama takan zaga layi da hantsi da lemarta, idan ta ga yarinya a gida ta tsaya ta gaishe da uwar gaisuwa mai tsawo, har sai an ji kunya. Ba ta da wata doka a hannu, gaisuwar ce kawai. Ba kullum take ci ba.

Ga yadda lissafin ya tsaya. Gidaje takwas sun bar ni sun koma wurin matashin nan, wanda har gobe a ƙofa yake biya, kuma ban sami wata shaida cewa da hannunsa a ciki ba, ya dai tsinci dami a kala. Gidaje biyar sababbi sun zo mini daga Mafoni da Umarari, mata ne suka gaya wa mata. Buhunan Kano ba su cika ba, attajirin ya raba cinikinsa tsakanina da wani, kuma bai dawo mini da shi duka ba. La'adar da na kai da ƙafata har yanzu ina biya, don abin da aka yi wa guɗa ba a janye shi. Matata ta san farashin kowace hula, ta kuma yanka wa kanta ladan shiga gidaje.

A ɗaya gefen, yarinyar da ta rasa jarrabawa ta zauna ta shekarar da ta biyo baya, tana sakandare yanzu. Akwai wasu da ke wucewa ta bakin layi da safe cikin kayan makaranta, ana ce mini da kuɗina aka ɗinka. Ba zan iya sa su a buhu in kai Kano ba. Gidan dattijon nan kuwa yana cikin takwas ɗin da suka tafi. Nakan ga hulunansu a rataye a rumfar matashin, in gane ƙananan sukar nan da layin da ke karkacewa wajen ƙarshe, in san inda 'ya'yansa suke da hantsi.

A huluna na faɗi, gida uku da rabin abokin ciniki. Sauran ban san farashinsa ba, kuma ni ba na kiran abu riba sai na san farashinsa.